Darasi na Bakwai: Zaɓar wa Ɗalibin Sakandare Makarantar Koyon Aikin Injiniya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai karatu ya iya faɗin sharuɗɗan shiga karatun injiniya a Najeriya, ya san hukumomin da ke tantance wannan karatu, ya kuma iya auna makarantu biyu ko uku da ma'auni na zahiri kafin ya ba ɗansa ko ƙanensa shawara.

Gabatarwa

Duk shekara idan hukumar JAMB ta fara sayar da fom, sai iyaye da yayye su shiga shawara: yaro ya ce injiniya yake so ya zama, to ina za a cike masa? Amsar da aka fi bayarwa ita ce sunan jami'ar da take tashe, ko wadda ɗan maƙwabci ya gama, ko wadda wani kawu ya san mutum a cikinta. Cikin 'yan mintoci a gaban kwamfutar cibiyar rajista sai a yanke hukuncin da zai ci shekara biyar na rayuwar yaro da kaso mai tsoka na dukiyar gida. Matsayin wannan darasi guda ne: sashen da yaro zai zauna ya yi karatu shi ya kamata a fara zaɓa, sunan makaranta ya biyo baya. Wasu malamai ƙalilan ne a wani sashe, da wasu injina a wani ɗaki, suke mai da ɗalibi injiniya. Jami'a tana iya yin fice a aikin likita ko shari'a alhali sashenta na injiniyan lantarki yana fama da ƙarancin malamai, wata kuma da ba a cika jin sunanta ba tana da sashen gine-gine da ya tsaya da ƙafafunsa. Wanda ya fahimci haka zai canza tambayoyin da yake yi, kuma su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Shiri yana farawa tun daga ajin farko na babbar sakandare

Kafin a yi maganar makaranta sai an duba yaron. Jami'o'in Najeriya suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma dole a samu Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri a cikinsu, a zama ɗaya ko biyu. A jarrabawar JAMB ma waɗannan darussa huɗu ne akasarin sassan injiniya suke buƙata, jimillar makinsu 400. Ke nan ranar da aka raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da ajin adabi da na kasuwanci, ranar aka buɗe wannan ƙofa ko aka rufe ta. Gwamnatin tsohuwar Jihar Kano ta gane haka tun a 1977, lokacin da ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu domin ta samar da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Idan makarantar yaro tana koyar da Ƙarin Lissafi da Zanen Fasaha, ya rungume su, domin za su rage masa wahalar shekarar farko.

Akwai kuskuren da iyaye kan yi da kyakkyawar niyya. Yaron da ke kwance rediyo ya mayar, ko ya haɗa fanka da tsohon batir, akan ce masa injiniya tun yana ƙarami. Wannan baiwa ce, amma rabin abin da ake bukata ce. Digirin injiniya shekara biyar ne, kuma shekara biyun farko lissafi da kimiyya ne suka cika su kafin ɗalibi ya shiga fanninsa sosai. Don haka a je a sami malamin Lissafi da na Fiziks a tambaye su gaskiyar ƙoƙarin yaron, kada a tsaya ga takardar sakamako kaɗai. Kiredit ɗin da aka samo a cibiyoyin da ake taimakon ɗalibai da satar amsa yana iya buɗe ƙofar shiga, amma ba ya zaunar da mutum a ciki. Jami'a takan sallami wanda makinsa ya gaza, kuma yaron da aka koro daga aji biyu ya fi wanda bai shiga ba asara.

Wane irin injiniya?

Aikin injiniya fannoni ne da yawa, kowanne da inda ake nemansa. Injiniyan gine-gine shi ke da hanya da gada da madatsar ruwa, irin su Tiga da Bakolori da layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Injiniyan lantarki shi ke da tashoshin Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, da kamfanonin raba wuta, da wutar sola da ta bazu a garuruwa da ƙauyuka. Injiniyan injina yana shiga kusan kowace masana'anta, daga kamfanin siminti na Ashaka da na Sakkwato da na Obajana har injin cashe shinkafa. Injiniyan sinadarai yana da matatun mai da kamfanonin taki, kamar matatar Dangote da ke Legas wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana. Akwai kuma injiniyan noma da ban ruwa, wanda aikinsa yake a fili a Kadawa da sauran wuraren noman rani, da na kwamfuta da sadarwa, da na ma'adinai da ƙarafa.

Darasin da ke cikin wannan jeri shi ne bambancin faɗi da ƙunci. Gine-gine da lantarki da injina fannoni ne masu faɗi: kowace jiha, kai kowace ƙaramar hukuma, tana bukatar hanya da ruwa da wuta, kuma mai su yana iya kafa nasa aikin. Fanni mai ƙunci, kamar na man fetur ko na jiragen sama, yana da armashi a kunne, amma masu ɗaukar aiki a cikinsa kaɗan ne, kuma idan masana'antar ta yi rauni sai ya bar mai shi a tsaye. Mutanen Kaduna sun ga haka da idonsu lokacin da masaƙun Kakuri suka rufe. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai da bai tabbatar da abin da yake so ba, fanni mai faɗi ya fi masa, domin yana iya ƙwarewa a ƙunci daga baya, a wurin aiki ko a digiri na biyu. Wanda kuwa ya riga ya tsaya kan abu guda, akwai makarantu na musamman: Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tana horar da masu gyaran jirgi, Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur tana Effurun a Jihar Delta, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa kuma tana Kaduna.

Amincewar hukuma

Da an tsayar da fanni, tambaya ta gaba ita ce: shin hukuma ta amince da wannan sashe a wannan makaranta? Hukumomi uku ne ke da ruwa da tsaki. NUC tana kula da jami'o'i. NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, tana kula da kwalejojin kimiyya da fasaha. COREN kuma, wadda dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa, ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista, tana kuma aika nata masu duba sassan injiniya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tantancewa sashe-sashe ake yin ta. Jami'a tana iya zama halastacciya, sashenta na gine-gine ya samu cikakkiyar amincewa, na sinadarai ya samu ta wucin gadi, wani kuma a hana shi. Kalmar "gwamnati ta amince da mu" da ke jikin allon talla ba ta amsa wannan tambaya.

Illar sakaci a nan ba ta bayyana sai bayan an gama. Doka ta hana wanda ba shi da rajistar COREN ya yi aiki da sunan injiniya, kuma wanda ya fito daga sashen da ba a tantance ba yakan sha wuya wajen samun rajistar. Ba tare da ita ba, sa hannu a kan zanen gini da jagorantar babbar kwangila sukan gagare shi. Hukumomin nan suna wallafa jerin sassan da suka amince da su a shafukansu na intanet, kuma duba shi bai fi aikin rabin awa ba. A yi hattara musamman da sabon sashe da bai taɓa yaye ɗalibai ba, domin 'yan rukunin farko su ne ake gwaji da su. Ga mai tunanin aiki a waje wata rana, a 2023 COREN ta samu shiga ta wucin gadi cikin Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke mutunta digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta. Wannan ya ƙara wa tantancewarta nauyi.

Gani ya kori ji

Amincewar hukuma tana nuna cewa sashe ya cika mafi ƙarancin sharaɗi a ranar da aka zo dubawa. Halin da yake ciki a yau sai an je an gani. Kuɗin motar zuwa Zariya ko Bauchi ko Minna ko Wudil kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da za a kashe a shekara biyar, kuma ba sai mutum ya yi boko mai zurfi zai gane abin da idonsa ya nuna masa ba. A sashen gine-gine, a nemi ganin ɗakin gwajin kankare. Inda ake aiki, za a tarar da ƙananan akwatunan ƙarfe masu faɗin santimita 15 da ake zuba kwaɓaɓɓen siminti da yashi da tsakuwa a ciki, da kwatarniyar ruwa da aka jiƙa dunƙulen kankaren bayan sun bushe, kowanne da kwanan watan da aka zuba shi a rubuce a jikinsa. Bayan kwana 7 da kwana 28 ɗalibai sukan ɗauko su, su sa a injin matsewa har su fashe, su rubuta nauyin da kowanne ya ɗauka. Idan ka ga ɓaraguzan kankare a gefen injin, ka ga ruwa a kwatarniya da kwanan watan da bai wuce 'yan makonni ba, ana koyarwa a wurin. Idan kuwa injin yana lulluɓe da leda, ƙura ta rufe shi, ɗakin kuma sai da aka nemo mai makulli, ka samu amsarka. Haka ake duba ɗakin injina: a ga ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a ƙarƙashin injin feƙe ƙarfe, ko na'urar walda tana aiki, ko akwai janareta ko sola idan an ɗauke wuta.

Bayan injina sai mutane. 'Yan ajin ƙarshe sun fi kowa sanin gaskiyar sashe, kuma ba su da abin tallatawa. A tambaye su: ku nawa ne a aji? A ɗakin gwaji mutum nawa ke tsayawa kan na'ura ɗaya? Malamai na dindindin ne ko masu zuwa daga wata jami'a sau ɗaya a wata? Sakamako yana fita a kan lokaci? Sannan a tambaye su inda suka yi aikin koyon sana'a na SIWES, shirin da asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973, wanda ɗalibin injiniya yake shafe wata shida a masana'anta a aji huɗu. Wannan wata shida yakan zama mabuɗin aikin farko. Sashen da ɗalibansa ke samun wuri a kamfanin siminti ko tashar lantarki ko wurin gina hanya ya fi wanda ɗalibansa ke zaman ofis suna jiran a sa musu hannu a littafi. Nan ne ma garin da makaranta take yake da tasiri, domin kusanci da masana'antun Kano da Kaduna da Legas da Fatakwal yana sauƙaƙa samun wuri.

Maki da gurbi

Zaɓin da ba zai kai ga samun gurbi ba, ɓata shekara ne. A 2024 fiye da kashi uku bisa huɗu na waɗanda suka zauna jarrabawar JAMB ba su kai maki 200 ba. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo, wanda ya kasance 140 ga jami'o'i a 2024 da 150 a 2025, ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe ma da nasa, kuma na injiniya a tsofaffin jami'o'i yakan yi sama da wancan nesa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka baro a baya a ilimin boko. Ke nan maki ɗaya yana iya shigar da yaro jami'ar yankinsa ya kuma gaza shigar da shi wata mai nisa. Jami'o'i da yawa kuma ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Hikima ita ce a auna ƙoƙarin yaro da gaskiya, a sa inda yake da damar shiga a farko, a cike gurbin kwalejin kimiyya da fasaha da gaske maimakon a bar wa mai kwamfuta ya sa abin da ya ga dama. Idan sakamako ya fito bai kai ba, JAMB tana ba da damar canza makaranta ko fanni. Akwai kuma shiga kai tsaye zuwa aji biyu da difloma ko da IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: tun 2017 duk gurbi na halal ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Wanda aka ba shi gurbi ta bayan fage yana iya gama karatu a hana shi zuwa hidimar ƙasa.

Lissafin shekara biyar

Kuɗin rajista su ake fara tambaya, amma su ne ƙaramin ɓangare a makarantun gwamnati. Akwai wurin kwana, da abinci, da kuɗin mota, da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ɗalibin injiniya ba ya iya yi ba tare da ita ba, da kayan zane, da zaman SIWES a wani gari, da aikin ƙirƙira na ajin ƙarshe wanda sau da yawa ɗalibi ke sayen kayansa. A tara duka a ninka biyar, a ƙara wani abu saboda hauhawar farashi. Gidan da ya ga ba zai iya kai wa ƙarshe ba a makaranta mai nisa, gara ya zaɓi ta kusa wadda yaro zai riƙa kwana a gida ko wurin dangi. Jami'ar Bayero a Kano, da ta Maiduguri, da ta Modibbo Adama a Yola, da ta Aliko Dangote a Wudil, duk suna koyar da aikin injiniya. Tun 2024 kuma asusun NELFUND yana ba ɗaliban makarantun gwamnati bashi marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Akwai tallafin jihohi da na asusun PTDF da na wasu kamfanonin mai, amma kada a gina lissafi a kan abin da bai zo hannu ba.

Amsar masu ja

Mai ja na farko zai ce: suna yana da amfani, mai ɗaukar aiki ya fi girmama takardar tsohuwar jami'a. Akwai gaskiya a ciki. A Zariya an fara koyar da aikin injiniya tun shekarun 1950, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma tsofaffin ɗalibanta suna ko'ina a ma'aikatu da kamfanoni, suna jan na baya. Amma a lura da abin da ya gina sunan: malamai da kayan aiki da horo mai tsanani, wato dai abubuwan da darasin nan ya ce a je a duba. Inda suna da aiki suka haɗu, babu gardama. Inda suka rabu, suna yana kai mutum ɗakin ganawa ne kawai, a can kuma manyan kamfanoni jarrabawa suke yi, su ba ka zane ko lissafi su ce warware.

Na biyu zai ce kwalejin kimiyya da fasaha ta waɗanda suka rasa jami'a ce. Ba za a ɓoye ba, har yanzu ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma a wuraren aiki da dama, kuma COREN tana yi musu rajista a rukuni dabam-dabam. Duk da haka tsarin kwalejin yana da abin da jami'a ba ta da shi: shekara biyu a samu difloma, shekara ɗaya a masana'anta, shekara biyu a samu babbar difloma. Ɗalibi yana da takardar neman abinci tun bayan shekara biyu, kuma ƙofar jami'a tana buɗe gare shi ta hanyar shiga kai tsaye. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda tushenta ya faro tun 1956, ta yaye dubban mutanen da suka riƙe ayyukan ruwa da wuta da hanyoyi a Arewa. Ga yaron da hannunsa ya fi lissafinsa ƙarfi, ko gidan da ba zai iya jiran shekara biyar ba, wannan hanya ta fi zaman gida ana sake JAMB shekara bayan shekara.

Na uku zai ce yajin aiki ya lalata jami'o'in gwamnati, gara mai zaman kanta ko ƙasar waje. Ƙorafin yana da tushe: ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022. Mai hali yana da hujjar neman inda kalanda ba ta tsayawa. Sai dai kafa sashen injiniya yana cin kuɗi fiye da yawancin sassa, kuma kyan gini da tsadar kuɗin makaranta ba sa nuna cewa akwai injina a ciki. Ma'aunin bai canza ba: tantancewa, ɗakin gwaji, malamai. Ƙasar waje ma haka. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, gwamnati kuma ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024, abin da ya shafi har waɗanda suka yi karatu na gaskiya. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibai da yawa gida karatu bai ƙare ba. Wanda zai tura ɗansa waje ya fara tabbatarwa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya cewa za a karɓi takardar idan ya dawo. Iyaye a Jamhuriyar Nijar ma wannan ma'auni zai yi musu aiki, ko suna duban makarantar EMIG ta Yamai, ko jami'ar Maraɗi, ko tsallakowa Najeriya.

Na huɗu zai ce aikin injiniya ba na mata ba ne. Babu wani sharaɗin shiga da ya ware mace, kuma yawancin aikin injiniyan yau zane ne da lissafi da sa ido, a ofis da ɗakin gwaji da kwamfuta. Damuwar iyaye ta gaskiya ita ce tsaro da wurin kwana, kuma wannan abin dubawa ne a ziyarar da aka ambata: a ga ɗakin kwanan mata, a ji nisansa da aji, a tambayi ɗalibai mata na sashen yadda suke ciki.

Kammalawa

Yaro shi zai zauna a aji, iyaye su za su biya, don haka shawarar ta su duka ce. Tilasta wa yaro fannin da ba ya so yakan ƙare da faɗuwa, barinsa shi kaɗai da abokansa kuma yakan ƙare da bin suna. Tsarin da darasin ya kawo shi ne a tabbatar da shirin yaro a Lissafi da Fiziks, a tsayar da fanni, a duba amincewar hukuma ga sashen kansa, a je a ga ɗakunan gwaji a ji daga bakin ɗalibai, a auna maki da gaskiya, a yi lissafin shekara biyar. Wannan aiki ya kamata a fara shi tun yaro yana aji biyu na babbar sakandare, domin ranar cike fom ta tarar an riga an gama shawara.

Tambayoyi

1. Waɗanne darussa huɗu ne mai neman karatun injiniya yake rubutawa a jarrabawar JAMB?
2. Bayyana aikin NUC da NBTE da COREN. Me ya sa amincewa da jami'a ba ta wadatar ba sai an duba sashe?
3. Kawo alamomi uku da ke nuna ana amfani da ɗakin gwaji.
4. Yaya jami'o'in tarayya suke raba gurabe, kuma yaya wannan zai shafi zaɓin farko?
5. Wanne daga cikin ƙorafe-ƙorafe huɗun nan ya fi ƙarfi a ganinka? Kawo dalili.

Aikin yi

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi jami'a ɗaya da kwalejin kimiyya da fasaha ɗaya mafi kusa da garinku, ya binciko sassan injiniyan da suke da su, da matsayin tantancewar kowanne, da kiyasin abin da ɗalibi zai kashe a shekara. Ku kawo sakamakon a darasi na gaba domin a kwatanta.